Layin Bizar 'Ya'ya Masu Aure: Abin da Lissafi Zai Iya Faɗa wa Ɗan Maiduguri

A dokar shige da fice ta Amurka akwai wani rukuni da ake kira F3. Ta nan ne ɗan ƙasar Amurka yake nema wa ɗansa ko 'yarsa masu aure izinin zama na dindindin, tare da abokan aurensu da ƙananan 'ya'yansu. A watan Oktoba na 2025, waɗanda layi ya zo kansu a wannan rukuni, in aka cire 'yan Meksiko da Filifin, su ne waɗanda aka shigar wa takarda kafin 8 ga Satumba 2011. Shekara 14 ke nan. Mutumin da mahaifinsa ya shigar masa da takarda a wancan lokaci yana zaune a Gwange ko Bulumkutu, ya ga shekarun dokar hana fita, ya ga kwararowar 'yan gudun hijira daga Bama da Gwoza da Baga a 2014 da 2015, ya ga gobarar Kasuwar Monday a Fabrairun 2023, ya ga ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024, duk kafin layi ya iso kansa.

Gidajen da wannan magana ta shafa a Maiduguri ba su da yawa in aka kwatanta da Legas ko Inugu. Amma akwai su: gidan likitan da ya gama Jami'ar Maiduguri ya tafi ƙaro ilimi ya zauna can, gidan malamin jami'a, gidan wanda ya ci cacar biza a shekarun da Najeriya take cikinta. A irin waɗannan gidaje tambaya ɗaya ce ake ta juyawa: "Yaushe za a kira mu?" A kan amsarta ake ɗage gini, ake barin aiki ya wuce, wani lokaci har a jinkirta aure. Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne, duk hasashen gaskiya a kan wannan layi tazarar shekaru yake bayarwa, tazara mai faɗi, kuma tazarar ta fi ƙarfin a jingine rayuwa dominta. Wanda ya san yadda lissafin yake tafiya zai riƙe takardarsa da kyau, ya kuma ci gaba da gina rayuwarsa a inda yake.

Yadda aka gina layin

Tushen tsarin dokar 1965 ce da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu, wadda ta ɗora shige da fice a kan dangantakar jini da aure. Alƙaluman da ake aiki da su yau kuwa dokar 1990 ce ta yanka su. Ta raba dangi gida biyu. Matar ɗan ƙasa ko mijin 'yar ƙasa, da iyayensa, da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba, ba a ƙayyade adadinsu ba. Sauran dangi suna cikin rukuni huɗu masu iyaka. F1 na manyan 'ya'ya marasa aure ne, gurbi 23,400 a shekara. F2 na iyalan masu katin zama na dindindin ne, gurbi 114,200. F3 na 'ya'ya masu aure ne, gurbi 23,400. F4 na 'yan'uwa ne, gurbi 65,000. Jimilla 226,000 ga duniya baki ɗaya.

Dokar ta tanadi hanyar da adadin zai iya haurawa, domin ana fara lissafi daga 480,000, a cire yawan dangin kusa da suka shiga a shekarar da ta gabata. To amma dangin kusa suna da yawa ƙwarai, saboda haka kusan kowace shekara lissafin yakan faɗo ƙasa ya tsaya a kan 226,000, wanda shi ne mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a bayar. Fiye da shekara 30 ke nan ba a sauya waɗannan alƙaluma a doka ba, masu nema kuwa sai ƙaruwa suke yi.

Akwai abu biyu da suke ƙara matse ƙofar. Na farko, mata da 'ya'ya duk daga cikin 23,400 ɗin ake cire nasu. Magidanci mai mata da 'ya'ya uku gurbi biyar zai ci. Da a ce kowane gida mutum biyar ne, gidaje 4,680 kacal za su wuce a shekara daga duk faɗin duniya. Na biyu, babu ƙasar da za ta ɗauki fiye da kashi 7 cikin ɗari. Wannan ne ya sa Meksiko da Filifin da Indiya da Sin suke da nasu shafi daban a jadawali, har jiran 'yan Meksiko da Filifin a F3 ya haura shekara 20. Najeriya tana cikin babban shafin sauran ƙasashe, tare da Nijar da Chadi da Kamaru. Don haka wanda aka haifa a Kusuri ko Diffa ko Makka layinsu ɗaya da wanda aka haifa a Shehuri.

Ranar da hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ta karɓi takardar nema ta I-130 daga hannun uba ko uwa, ita ce ranar shiga layi, kuma ita ce dukiyar mai jira. In an amince da takardar, sai a tura ta cibiyar biza ta NVC da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, ta kwanta. Kowane wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana fitar da sanarwa mai suna Visa Bulletin, inda take faɗin ranar da layi ya kai. Tun daga Oktoban 2015 jadawali biyu ake bugawa. Ɗaya yana nuna waɗanda za su iya fara tura takardunsu, ɗayan yana nuna waɗanda za a iya ba su bizar. Mutane da yawa sukan duba na farko su fara shirin bankwana, alhali na biyun ne yake yanke hukunci, kuma tsakaninsu akan sami watanni masu yawa, wani lokaci fiye da shekara.

Ranar da ke cikin sanarwa labarin jiya take bayarwa

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne a cire ranar sanarwa daga ranar yau, a ce sakamakon shi ne tsawon jira. Wanda aka shigar wa takarda bana sai ya ce, tunda na 2011 sun yi shekara 14, shi ma shekara 14 zai yi. Duk wanda ya taɓa ajiye jarka a layin burtsatse ya san inda wannan lissafi ya karkace. Mai ɗiban ruwa yanzu da asuba ya zo, lokacin jarkokin gabansa kaɗan ne. Awa biyun da ya yi ba su ne ma'aunin wanda ya iso da hantsi ya tarar layi ya zagaye gida ba. Shekara 14 tarihin mutanen 2011 ne. Jiran wanda ya shiga bayansu ya dogara ne ga yawan mutanen da suka shiga tsakanin 2011 da ranarsa, da kuma yawan gurbin da za a yi amfani da shi kowace shekara.

Sannan ita kanta ranar ba wata na'ura ce take fitar da ita ba. Jami'ai ne suke zama su ƙiyasta mutum nawa suka kammala takardu, gurbi nawa ya rage kafin shekarar kasafi ta ƙare a 30 ga Satumba, sannan su ja layi. Charles Oppenheim, wanda ya daɗe yana riƙe da wannan aiki har ya yi ritaya a ƙarshen 2021, yakan bai wa lauyoyi hasashen 'yan watanni ne kawai, tare da sharaɗin cewa abin na iya sauyawa. In masu amsa kira sun yi ƙaranci, sai a tura ranar gaba da sauri don kada gurbi ya lalace. In sun yi yawa, sai a tsayar da ita ko a mayar da ita baya. Haka ta faru a Janairun 2011, bayan an yi ta gudu da ranakun a 2010: rukunonin dangi suka koma baya a wata guda, har rukunin matan masu katin zama ya faɗo daga Agustan 2010 zuwa Janairun 2008. Mutanen da suka riga suka haɗa kaya suka koma zaman jira.

Hanyoyi biyu na lissafi

Hanya ta farko ita ce auna saurin tafiyar layi. Duk tsawon 2022 ranar F3 tana tsaye a 22 ga Nuwamba 2008, ko kwana ɗaya ba ta ƙara ba. Zuwa Oktoban 2024 ta kai 1 ga Afrilu 2010. Wato daga Janairun 2022 zuwa lokacin, wata 33 suka wuce a kalanda, layi ya ci wata 16, kimanin wata shida ke nan a shekara. Daga Oktoban 2024 zuwa Oktoban 2025 kuma sai ta zabura ta ci wata 17 cikin wata 12. In aka haɗa duka, matsakaicin tafiyar ya kama wata tara a shekara.

Mu ɗauki misalin wadda mahaifiyarta ta shigar mata da takarda a Satumban 2018. A Oktoban 2025 akwai tazarar wata 84 tsakaninta da bakin layi. In aka ci gaba da gudun 2025, shekara biyar ta rage mata. In aka bi matsakaici, shekara tara da 'yan watanni. In aka koma tafiyar hawainiya irin ta 2022 zuwa 2024, shekara 14. Amsar gaskiya ga wannan baiwar Allah ita ce, wani lokaci tsakanin 2030 da 2040. Duka lissafin uku daga alƙaluman gaskiya aka ciro su, kuma ba wanda zai iya rantsuwa a kan ɗaya ya bar sauran.

Hanya ta biyu ita ce ƙirga mutanen da ke layi. Ma'aikatar Harkokin Waje takan fitar da rahoton yawan masu jira a NVC kamar yadda yake a farkon Nuwamban kowace shekara. A rahotannin shekarun baya-bayan nan, masu jira a rukunonin dangi sun doshi miliyan huɗu, na F3 kaɗai sun haura rabin miliyan. Raba rabin miliyan da 23,400 zai ba ka fiye da shekara 21. Wannan adadi yana da nasa raunin ta fuska biyu. Ya zarce gaskiya domin ya haɗa da ɗimbin 'yan Meksiko da Filifin waɗanda ƙa'idar kashi 7 ta tsare su a nasu layin, kuma a cikin sauran wasu za su rasu, wasu su fasa, wasu 'ya'yan su girma su fita. Ya kuma gaza gaskiya domin bai ƙirga takardun da USCIS ba ta riga ta amince da su ba, bai kuma san da jariran da aka haifa bayan shigar da takarda ba. Masu nazari irin su David Bier na cibiyar bincike ta Cato sun daɗe suna nuna cewa sabon shiga zai iya jira fiye da na gabansa, kuma a ganina hujjarsu tana da ƙarfi: ƙofar da faɗinta bai canza ba tun 1990 ba za ta rage cunkoson da ke ƙaruwa ba.

Mai hankali zai riƙe hanyoyin biyu tare. Ta farko tana amfani ga wanda ya kusa, wanda bai wuce shekara ɗaya ko biyu tsakaninsa da bakin layi ba. Ta biyu tana tunatar da sabon shiga cewa abin da ke gabansa ya fi kusa da shekara 15 zuwa 20. Duk wanda ya ba ka wata da shekara takamaimai, ko dai bai fahimci tsarin ba, ko kuwa kuɗinka yake so.

Abin da alƙalami ba ya kamawa

Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan zaton cewa ƙofa tana buɗe. Tarihin 'yan shekarun nan ya nuna wa ɗan Najeriya cewa zaton ba shi da tabbas. A 31 ga Janairu 2020 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, bisa hujjar rauni wajen tantance mutane da musayar bayanan tsaro. A Afrilun shekarar, da zuwan annobar korona, wani umarnin ya rufe yawancin rukunonin dangi ga duniya duka. Joe Biden ya soke na farko ranar da ya hau mulki, 20 ga Janairu 2021, ya soke na biyu a Fabrairu.

Asarar waɗannan shekaru ba ta dawo ba. Doka ta ce gurbin dangi da ba a yi amfani da shi ba yakan koma rukunin ma'aikata a shekara mai zuwa. Ta haka kimanin gurbi 122,000 na 2020 da kimanin 141,000 na 2021 suka bar hannun dangi. Tsayuwar da layi ya yi a 2022 tana da nasaba da wannan, tare da tarin hirarrakin da suka taru a ofisoshin jakadanci.

A 16 ga Disamba 2025 Trump ya sake sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga, daga 1 ga Janairu 2026, kuma bizar zama tana cikin abin da aka dakatar. Cikin dalilan da aka bayar har da ayyukan Boko Haram da na ƙungiyar IS a wasu sassan ƙasar. Wannan ya yi wa mutumin Borno ciwo na musamman. Mutanen da suka binne 'yan'uwansu, suka buɗe gidajensu ga waɗanda aka koro daga ƙauyuka, suka fito da sanduna a 2013 suka kare unguwanninsu, su ne aka rufe wa ƙofa da sunan abin da ya cuce su. Kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, ban musa ba. Amma mutumin da aka san sunansa da na iyayensa shekara 14, wanda za a ɗauki hoton yatsunsa, a bincika lafiyarsa, a tambaye shi duk inda ya zauna tun yana ɗan shekara 16, yana cikin waɗanda suka fi kowa sauƙin tantancewa. Hukunta shi da laifin fasfonsa ba adalci ba ne.

A irin wannan yanayi akwai wani tarko ga mai karanta sanarwa. In aka hana wasu ƙasashe, masu cin gurbi sukan ragu, jami'ai su tura ranar gaba don wasu su cike. Mai jira a Maiduguri zai ga layi yana gudu, har ya wuce ranarsa, amma ba shi da hanyar shiga. Ranar shiga layinsa ba ta mutuwa saboda haka, sai dai gudun da ya gani ba nasa ba ne, kuma in aka buɗe ƙofa mutane suka dawo a lokaci guda, ranar tana iya komawa baya.

Shi kansa rukunin ba a rubuta cewa zai dawwama ba. Ƙudurin gyaran dokar shige da fice da Majalisar Dattawa ta amince da shi da ƙuri'a 68 da 32 a Yunin 2013 ya so soke rukunin 'yan'uwa, ya taƙaita F3 ga waɗanda ba su kai shekara 31 ba. Ya mutu ne a Majalisar Wakilai. A 2017 sanatoci Tom Cotton da David Perdue sun kawo wani ƙudurin da zai share waɗannan rukunoni. Shi ma bai wuce ba. Amma wanda zai jira shekara 15 zai ga zaɓen shugaban ƙasa uku ko huɗu, kowanne da abin da zai zo da shi.

Aure, haihuwa da mutuwa

A wurinmu aure yana ƙara wa ɗa kusanci da gidan ubansa, domin ya kawo suruka, ya kawo jikoki. Dokar Amurka kuwa tana ɗaukar mai aure a matsayin wanda ya kafa nasa gida, ya yi nisa. Wannan bambancin fahimta yana da farashi. A Oktoban 2025 layin marasa aure, F1, ya kai Nuwamban 2016, na masu aure yana 2011. Shekara biyar ce tsakani. Wanda yake F1 in ya yi aure, takardarsa tana komawa F3 da ranarta ta asali. Wanda mahaifinsa katin zama kawai yake da shi, bai zama ɗan ƙasa ba, in ya yi aure takardarsa ta mutu nan take, domin babu rukunin 'ya'ya masu aure ga mai katin zama.

Daga nan ne munanan shawarwari suke fitowa. Akan ce wa budurwa ta dakata da aure har biza ta fito. Akan ce wa saurayi ya ɗaura aure a masallaci ya ɓoye, tunda ba a je rajista ba. Akan ce wa ma'aurata su samo takardar saki ta bogi su koma F1. Ta farko zalunci ce, domin ana neman yarinya ta ba da shekarun ƙuruciyarta a kan ranar da ba mai iya faɗa mata. Sauran biyun kuma ƙarya ce a gaban Allah da gaban doka. Auren da aka ɗaura bisa shari'ar Musulunci ko bisa al'ada aure ne a Najeriya, kuma haka jami'in biza yake ɗaukarsa. Wanda aka kama ya yi ƙarya a kan abin da ya shafi cancantarsa, haramcin shiga na har abada ne ke hawa kansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a zamanin da takardar neman biza take tambayar sunayen da mutum yake amfani da su a Facebook da makamantansa, inda hotunan biki da na suna suke zaune.

Maganar mata fiye da ɗaya ma sai an faɗe ta a fili. Amurka mace ɗaya take karɓa a matsayin matar aure, ta farko, kuma dokarta ta hana shiga ga wanda zai je ya ci gaba da zama da mata fiye da ɗaya. Magidancin da ya ƙara aure cikin shekarun jira ya sani cewa ranar da aka kira shi zai fuskanci zaɓi mai nauyi, kuma haƙƙin amarya da 'ya'yanta yana wuyansa. Gara a yi wannan tunani tun kafin a kai goro.

Sai 'ya'ya. Yaron da ya cika shekara 21 kafin layi ya iso ya fita daga takardar iyayensa. Dokar kare matsayin yara ta 2002 ta kawo sassauci: ana cire tsawon lokacin da takardar I-130 ta yi a hannun USCIS kafin a amince da ita daga shekarun yaron. A ce yaro yana da shekara takwas a 2011, a 2025 ya kai 22. In takardar ta yi shekara huɗu kafin amincewa, shekarunsa a lissafin doka 18 ne, ya tsira, muddin bai yi aure ba kuma ya nemi bizar cikin shekara guda. In wata shida kawai ta yi, ya fita. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2014, a shari'ar Scialabba da Cuellar de Osorio, cewa irin wannan yaro ba zai riƙe ranar iyayensa ba, sabon layi zai shiga. Saboda haka duk yaron da ya wuce shekara shida ko bakwai ranar shigar da takarda, iyaye su yi masa tanadin karatu da sana'a a nan gida tun yanzu.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba a son ambata. Uban da ya shigar da takarda yana da shekara 60 zai kai 75 kafin layi ya iso. In ya rasu, takardar ta faɗi, sai fa in an riga an amince da ita kuma hukuma ta ga dama ta farfaɗo da ita don jinƙai, tare da wani ɗan'uwa da zai tsaya a madadinsa. In yana raye, dole ya kasance mazauninsa Amurka ne, ya kuma nuna samun da ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucin ƙasar gwargwadon yawan iyalin, ko ya samo wanda zai haɗa hannu da shi. Dattijon da ya yi ritaya ya dawo Maiduguri don ya ƙarasa kwanakinsa kusa da dangi, dawowarsa tana iya tsayar da tafiyar 'ya'yan da ya nema wa.

Takarda da kuɗi a garin da ya sha wuta da ruwa

Ranar hira ana neman takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da shaidar aure, da takardar 'yan sanda, da fasfo, da sakamakon gwajin likita. A jihar da aka ƙone sakatariyoyin ƙananan hukumomi da makarantu da kotuna, sannan ruwan Alau ya shiga ɗakuna ya jiƙa akwatuna, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sunan mutum ɗaya yakan fito Muhammad a nan, Modu a can, Mamman a wata takardar, ranar haihuwa ma ta bambanta. Kowane saɓani yana iya jawo ƙarin bincike ko gwajin DNA na tabbatar da dangantaka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarun jira su ne lokacin daidaita suna a fasfo da lambar NIN, da yi wa kowane jariri rajista, da adana hoton kowace takarda a imel, da aika kwafi ga wanda ke Amurka.

Adireshi ma abin lura ne. Doka ta ba da damar soke rajistar wanda aka sanar da shi cewa layi ya iso amma ya yi shekara guda bai motsa ba. Iyalin da rikici ko ambaliya ta tayar daga gidansu, suka canza waya, suka manta kalmar sirrin imel, suna iya rasa abin da suka jira shekara 14 ba tare da sun sani ba. Sanar da NVC duk sauyin adireshi, da haihuwa, da aure, da rasuwa, kyauta ne, kuma ba ya bukatar ɗan tsakiya.

Kuɗin kuma da dala ake biya. Kuɗin neman bizar zama dala 325 ne a kan kowane mutum, gida mai mutum biyar dala 1,625. A 2011, da dala take wajen naira 150, wannan bai kai naira 250,000 ba. A 2024, da ta haura naira 1,500, ya doshi miliyan biyu da rabi, ban da gwajin likita, da zuwa Legas inda aka saba yin hirar, da masauki, da tikitin jirgi. Babu kuma wani kuɗi da zai matsar da mutum gaba a layi. Duk wanda ya ce yana da hanya a ofishin jakadanci, ɗan damfara ne. Haka nan mai tallar cacar biza, domin an cire Najeriya daga cikinta tun zagayen 2015.

Abin da nake ba da shawara

Ga iyayen da ke can: ku shigar da takardar in kuna da hali, domin dala 675 a kan ranar shiga layi ba asara ba ce, kuma ba a san abin da gobe za ta zo da shi ba. Amma ku faɗa wa 'ya'yanku gaskiyar tazarar, kada ku ce musu "an kusa". Kuɗin da za ku turo don shirin tafiyar da ba ta da rana, ku sa shi a karatun jikoki da jarin sana'a.

Ga gwamnatocinmu: hujjar da aka kafa a 2020 ta raunin bayanan shaida tana da gyara a hannunmu. Borno tana bukatar rajistar haihuwa da ta aure da aka adana a kwamfuta, wadda wuta da ruwa ba za su ci ba. Amfanin wannan ya wuce maganar biza, ya shafi gado da makaranta da fansho.

Ga mai jira: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka duba sanarwar sau biyu ko uku a shekara, musamman ta Oktoba da ake buɗe sabon kaso, ka rubuta inda ta kai, ka rufe. Ka yi aurenka a lokacinsa, ka faɗi gaskiya a kansa. Ka karɓi aikin da ya zo, ka gina filinka, ka ƙaro karatu, domin digiri ko ƙwarewar aikin jinya ko injiniya tana iya buɗe maka wata ƙofar da ta fi wannan sauri, kuma tana da amfani ko ka tafi ko ka zauna. In an kira ka kana da shekara 45, za ka yanke shawara a matsayin mutum mai gida da sana'a, wanda zai iya cewa to, zai kuma iya cewa a'a. In ba a kira ba, ba ka yi asarar komai ba sai kuɗin takarda, kuma Maiduguri, wadda take bukatar likitocinta da malamanta da 'yan kasuwarta don ta miƙe, ta ci moriyar shekarunka.